Ɗaki na Shida

Ranar Litinin aka gama ɗakin. An ɗora rufi, an kafa indararo biyu, an yaɓe bango ciki da waje. Murhun kusurwa ma an gwada shi, hayaƙi ya bi hanyarsa. Abu guda ne babu: ƙofar da za ta haɗa shi da sauran gidan. Wajen ƙarfe biyu na rana maginin, Eloy Maestas, ya loda baro da cebur a bayan motarsa, ya gaida uwar gidan, Doña Eutimia Archuleta, daga bakin ƙofa, ya bar garin Santa Fe bai sallami 'yarta Delfina ba.

Delfina tana makaranta a lokacin, tana fama da koyar da 'yan aji huɗu. Shekararta talatin da huɗu, ita kaɗai iyayenta suka haifa. Da ta dawo, sawun taya kawai ta tarar a tsakar gida, wurin kwaɓa ƙasa kuma an share shi tas.

Gidan Archuleta ɗaki biyar ne a jere, kowanne da sunan wanda ya gina shi. Haka aka saba tun kakan kakanta: duk namijin da zai yi aure a gidan, ɗan gida ne ko mai neman 'yar gida, shi zai buga tubalinsa ya ƙara ɗaki a ƙarshen jerin. In ya gama, sai babbar macen gidan ta ɗauki diga ta fasa tsohon bangon daga ciki, ta zaro tubali na farko, ta miƙa ta ramin. Wanda ya karɓa shi ne ango. Ba a rubuta wannan a ko'ina ba. Ba a kuma taɓa tsallake shi ba.

Na shidan nan shi ne na ƙarshe. Kwamitin da ke kula da tsohuwar unguwa ya auna filin, ya auna tsohon ginin, ya ce ɗaki ɗaya ya rage wa gidan, daga shi ba ƙari. Wata goma sha huɗu aka yi ana kai takarda ana dawo da ita, yau kan tsayin taga, gobe kan launin ƙasa, jibi kan taku nawa za a ja baya daga titi. Wanda ya yi wannan zirga-zirgar lauya ne, Gilbert Sena, ɗan aminiyar Doña Eutimia. Matarsa ta rasu shekara uku da suka wuce.

Shi kuwa Eloy aiki ne ya kawo shi. A watan Afrilu aka kira shi ya ɓamɓare simintin da marigayi mahaifin Delfina ya lulluɓe gidan da shi shekara arba'in baya, lokacin da kowa a layin ke yin haka don a huta da yaɓen shekara-shekara. Simintin ya tsare ruwa a ciki, gindin bango ya ruɓe har yatsa na shiga. Kafin Yuli ta ƙare, duk mai ido ya san abin da ke tsakaninsa da Delfina. A watan Agusta ya zo da kawunsa, hula a hannu, suka nemi aurenta. Doña Eutimia ta ba su kofi, ta ba su biskit, ta ce a'a. Eloy ya taɓa yin aure a coci. Kotu ta raba auren shekara bakwai da suka wuce, coci ba ta raba ba.

Bai ajiye aikin ba, shi aka kuma ba ginin sabon ɗakin. Tubali dubu da ɗari huɗu ya buga, ya shanya, ya jera.

Da yamma suka zauna cin abinci su biyu, wake da jan barkono, a teburin da ke ɗaukar mutum goma.

"Ya bar saƙo?" in ji Delfina.

"Ya ce kada a jingina komai da bangon arewa sai ya yi sati biyu."

"Shi ke nan?"

"Ya ce in gaishe ki."

"Mamá, ba ki iya ƙarya ba."

"To, bai ce ba. Ci abincinki."

Delfina ta ajiye cokali. "Shi ya gina ɗakin nan."

"Aiki na ba shi, ya yi, na gode masa. Ban taɓa cewa ba shi da kirki ba. Amma ɗaki Gilberto ya gina shi. A zamanin kakanki ƙasa da ciyawa ne wahalar ɗaki, yanzu takarda ce. Ba don yaron nan ba, da har yau fili muke kallo. Kuma ya sa hannu a ginin, a kan idonki."

A kan idonta ne. Wata Asabar Gilbert ya zo da takalmin ofis, ya jera tubali goma saboda Doña Eutimia ta matsa, aka ɗauki hoto. Ranar Litinin Eloy ya cire su ya sake jerawa, bai ce wa kowa komai ba.

"Ba na son Gilbert, Mamá."

"Ban ce ki so shi yau ba."

"Shekarata talatin da huɗu."

"Ni saba'in da shida. Wa ya fi gaggawa a cikinmu?"

Tsohuwar ta share bakinta, ta ninke tsumman hannu gida huɗu kamar yadda ta saba in za ta faɗi abin da ta daɗe tana shiryawa.

"Mutumin nan yana da mata, mija, 'yata. Ko a Denver take ko a ƙarshen duniya, a gaban Allah matarsa ce. Ki aure shi a ofishin gwamnati, ranar Lahadi ki zauna a benci ki janye ƙafa mutane su wuce ki zuwa bagade. Ni in je in karɓi Jibin Ubangiji, in dawo in same ki a zaune. Ranar jana'izata ma a zaune za ki ƙare. Kin yi tunanin wannan?"

"Na yi."

"To me kike so in yi?"

"Ki jira. Ya kai maganar kotun coci tun shekara biyu, don a warware auren."

"Ɗan ƙawata Filomena shekara shida ya jira, aka ce masa a'a."

Delfina ta kwashe kwanuka ta wanke. Sannan ta fita bakin titi kamar yadda take yi tun tana yarinya. Gida goma sha biyu ne a layin. A da ta san kowane da sunan karensa. Yanzu biyu ne kawai ake kwana a ciki. Sauran na mutanen Texas ne da California, masu zuwa sati biyu a shekara. Ƙarfe shida da rabi daidai fitilunsu suka kunna kansu, ɗaya bayan ɗaya, a ɗakunan da babu kowa. Ta tsaya har ƙafarta ta yi sanyi. Ba wanda ya wuce da za ta gaisar.

Ta kira lambar Eloy sau biyu. Ƙauyensu yana can bayan garin Mora, cikin duwatsu, waya ba ta shiga.

* * *

Ranar Laraba Gilbert ya zo da takarda. Ya tarar da Tía Sinforosa, innar Delfina, ƙanwar Doña Eutimia, ta zo daga Española da buhun koren barkono, suna ɓare gasasshen a kicin su uku.

Mutum ne mai tsafta, mai magana a hankali. Ya sumbaci Doña Eutimia a kumatu, ya ƙi zama don kada wandonsa ya ɗauki warin barkono, sannan ya ji kunyar ƙin zaman ya zauna.

"Juma'a ƙarfe biyu mai duba gini zai zo," ya ce. "Zanen da kwamiti ya sa wa hannu akwai ƙofa a ciki. In babu ƙofa, a wurinsu ba ɗaki ba ne, gida na biyu ne. Filin nan kuwa ba shi da izinin gida biyu."

"Sai me?" in ji Delfina.

"Sai a koma farko. In aka yi rashin sa'a, a ce a rushe."

Doña Eutimia ba ta ɗago daga barkonon ba. "Za a fasa ranar Juma'a, ƙarfe takwas na safe. Gilberto, ka zo da wuri, ka bi ta layin baya, ƙofar waje a buɗe take. Ka sa rigar da ba ka tausayi, akwai ƙura."

"A nemo masa safar hannu, Timia," in ji Tía Sinforosa. "Tubalin nan ya fi jakar takardunsa nauyi. Kada ya faɗo masa a ƙafa mu shiga kotu."

"Rufe mana baki, Forosa."

"Ni me na ce? Hannu ne mai kyau, Allah ya kiyaye shi. Ko na likitan haƙorina bai kai shi laushi ba."

Gilbert ya yi dariyar da ake yi wa tsofaffi. Kunnuwansa sun yi ja.

Da ya tashi tafiya, Delfina ta bi shi har mota, hannunta na zafin barkono.

"Kada ka zo," ta ce.

"Mamanki ta kira ni."

"Ni ke roƙonka. Ka san abin da karɓar tubalin nan ke nufi."

"Na sani. Ina ɗan shekara tara aka ba ni labarin na babanki, har yadda ya ƙi wanke hannu ranar." Ya buɗe ƙofar motar, bai shiga ba. "Del, ban ce kina sona ba. Ina da ido. Ni ma ba yaro ba ne da zan ce miki ba na barci saboda ke. Gidana ɗaki huɗu ne, ina cin abinci a tsaye gaban firji. Ke kina nan, kina tsufa tare da tsohuwa. Mun san juna tun muna aji ɗaya. Mutane sun yi aure a kan abin da bai kai wannan ba, suka zauna lafiya."

"In ka karɓa, a gaban kowa zan ce a'a."

"Ƙila. Ƙila kuma ki kalli fuskarta ki kasa."

Abin da take tsoro ke nan.

"Shi ina yake?" in ji Gilbert. "Ba da wata manufa nake tambaya ba. Ya gina ɗaki, ya tafi. In ta fasa bangon nan ta leƙa ba kowa, kin san abin da zai yi mata? Mace ta farko a gidan da ta miƙa tubali ba hannun karɓa. Dole wani ya tsaya a wurin."

Ya shiga mota. Ya sauke gilashi kamar zai ƙara wani abu, ya fasa.

* * *

Ranar Alhamis ta nemi izini a makaranta da rana, ta kama hanyar arewa zuwa ƙauyen su Eloy. Awa biyu ne da 'yan mintoci. Itatuwan kan duwatsu sun fara zama rawaya. Ba ta kunna rediyo ba.

Ta sami Eloy da mutanen garinsu a tsohuwar cocin ƙauyen, ana rige-rige da sanyi, domin da zarar ƙanƙara ta fara sauka yaɓe ba ya kamawa. Maza na kwaɓa ƙasa da ciyawa, mata na shafawa da tafin hannu. Eloy yana kan tsani a bangon yamma. Wata dattijuwa mai laka har gwiwar hannu ta dubi takalmin Delfina, ta dubi motarta, ta ɗaga kai.

"Eloy, sauko. Santa Fe ta biyo ka da takalmi mai tsini."

"Ki ba ta bokiti, Tía, ta taya mu," wata ta ce.

"Wannan ba laka ta zo ɗauka ba, mai lakar ta zo ɗauka."

Ya sauko a hankali. Dogo ne, shekara arba'in da ɗaya, furfura ta fara shiga gemunsa. Bai miƙa mata hannu ba, ya nuna mata lakar da ke jiki. Suka zagaya bayan cocin, inda ruwan lambu ke bin magudana.

"Ka tafi ba sallama."

"Da na tsaya sallama, da ban tafi ba."

"To wa ya ce ka tafi?"

"Aiki ya ƙare, Delfina. Mutum ba ya zama a tsakar gidan da aka ce masa a'a, yana gyara abin da ba ya bukatar gyara. Sati biyu na ƙarshe ƙarya nake yi. Bangon kudu sau uku na goge shi."

Ta gaya masa maganar mai duba gini, da ƙarfe takwas, da wanda aka kira. Ya saurara yana murza busasshiyar laka daga yatsunsa.

"Gara haka," ya ce.

"Gara haka?"

"Yana da kirki. Ba ya sha. Zai kai mamanki asibiti a mota mai sanyi."

"Kada ka yi mini wannan, Eloy. Mutum biyu sun riga sun zaɓa mini shi, kada ka zama na uku."

Ta juya ta fuskanci bangon, ta dafa shi. Yaɓen bai bushe ba, tafinta ya zauna a ciki. Ta yi kuka ba sauti, kafaɗunta kawai ke motsi. Ya tsaya taku biyu daga gare ta, bai matso ba, domin matan suna leƙowa ta kusurwa.

"Na rubuta wa tsohuwar matata Lorraine sau huɗu," ya ce. "Fada, limamin cocinmu, ma ya rubuta. Shafi biyu kawai ake so ta cike ta faɗi abin da ta sani, cewa muna da shekara goma sha tara, cewa iyaye ne suka tura mu gaban bagade saboda cikin da daga baya ya zube. Ta yi wani aure, tana da 'ya'ya uku, ba ta son a tono. Ban ga laifinta ba. Za su iya yanke hukunci ba ita, amma sai ya ƙara daɗewa. Shekara ɗaya, uku, ban sani ba. Kuma za su iya cewa a'a."

"Na san duk wannan."

"To me zan ce wa mamanki da ban faɗa ba?"

"Ban ce ka ce komai ba. Ban ce ka zo ka ɗauke ni ba. Na sani ba zan bar ta ita kaɗai a layin nan ba, kai ma ka sani. Cewa na yi ka zo ka tsaya a ɗakin da ka gina."

"In ta leƙo ta gan ni ta mayar da tubalin fa? A watan Agusta a kicin ta ce a'a, mu huɗu. Kawuna har yau bai gaya wa matarsa ba. Wannan a gaban Tíarki ne, da lauya, kafin rana ta faɗi Española ta ji, Mora ta ji. Bayan wannan ba sauran jira. Yanzu ko ba komai ina da jiran."

"Ni ba ni da shi. Gobe ƙarfe takwas nawa zai ƙare."

Ruwa yana wucewa a magudana.

"Kin shiga ɗakin tun da na tafi?"

"Na kasa."

"Na rage kaurin tsohon bangon daga gefena. Na sa katakon saman ƙofa, na tokare shi, na cire layi ɗaya na tubali. Ɗaya ya rage tsakani. Na ga yadda take riƙe kofin kofi da hannu biyu da safe. Bugu huɗu ko biyar ya ishe ta. Ki ce ta fara daga daidai ƙugunta, taku uku daga taga. In ta bugi wani wuri za ta sha wahala a banza."

Delfina ta juyo ta dube shi. "Ka sauƙaƙa mata ta ba wani."

"Na sauƙaƙa mata. Wanda za ta ba, wannan nata ne."

"Za ka zo?"

"An ce sanyi zai sauko ran Asabar. Bangon yamma bai kai rabi ba."

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba."

"Na ji abin da kika tambaya."

Ya tsuguna ya wanke hannu ɗaya a magudanar, ya goge a wando, ya share mata laka daga gefen fuska da babban yatsa. Daga can dattijuwar ta kira sunansa, ta ce ƙasa na bushewa a baro. Ya tafi. Bai ce e ba, bai ce a'a ba.

Ta iso gida rana na faɗuwa. Doña Eutimia ta dubi takalminta, ta dubi lakar da ke hannun rigarta, ta ce abinci na kan murhu.

* * *

Ranar Juma'a ƙarfe bakwai da rabi aka janye gadon Delfina daga jikin bango. Ɗaki na biyar nata ne, wanda mahaifinta ya gina, a ciki aka haife ta. Tía Sinforosa ta lulluɓe kaya da tsofaffin zannuwan gado. Digar tana jingine, wadda aka yi amfani da ita sau huɗu a shekara ɗari da hamsin, an sake mata ƙota sau biyu.

A al'adar, amarya tana tsayawa bayan uwa, ba ta zagayawa ta ga wanda ke ɗaya gefen. Delfina ta yi niyyar karya wannan. Ta kai bakin ƙofa, uwarta ta kira ta.

"Zo ki ɗaure mini gashi."

Ta dawo ta ɗaure. Gashin ya yi laushi, ya ragu, fatar kai na bayyana. Doña Eutimia ta sa baƙar rigarta ta zuwa coci.

"Jiya kin je wurinsa."

"Na je."

"Me ya ce?"

"Ya ce ki fara daga daidai ƙugunki, taku uku daga taga. Ya rage bangon ta can saboda hannunki."

Tsohuwar ta juya. Ta ɗan daɗe tana kallon bangon.

"Babanki ya sa mana siminti don ya hutar da ni," ta ce. "Ya ce, Timia, ba za ki ƙara yaɓe ba har ki mutu. Na yi murna. Shekara arba'in ina gode masa, gida yana ruɓewa ta ciki." Ta miƙa hannu. "Ba ni digar."

"Mamá, ki saurare ni. In Gilbert ne, zan ce a'a. Ina gaya miki yanzu don kada ki ce na kunyata ki ba zato."

"Na ji."

"Ba zan tafi ko'ina ba. Ina nan tare da ke. Amma zan ce a'a."

"Na ce na ji, mija."

Ta auna taku uku daga taga. Tía Sinforosa ta yi alamar gicciye.

Bugun farko ya zubo da farar ƙasar shafe kawai. Na biyu ya shiga. Doña Eutimia ta tsaya ta huta, numfashinta na fita da ƙara. Delfina ta kai hannu za ta taimaka, aka ture hannun. A bugu na biyar tubalin ya motsa. Tsohuwar ta ajiye diga, ta sa yatsu ta girgiza shi hagu da dama har ya saki, ta jawo shi zuwa ƙirjinta. Haske ya shigo ta ramin, da warin sabuwar ƙasa.

Ta sunkuya da ƙyar, tubalin a rungume, ta leƙa.

Ta daɗe a haka.

"Timia," in ji Tía Sinforosa a hankali. "Wa ke nan?"

Doña Eutimia ta miƙe.

"Su biyu ne, Gilberto da Eloy," ta ce. "Forosa, jawo mini kujera."

Aka jawo. Ta zauna gaban ramin, ta ɗora tubalin a cinya, ta dafa shi da hannu biyu, ƙasa na zuba kan baƙar rigar. Ba ta dubi 'yarta ba.

Mai duba gini zai zo ƙarfe biyu. Ƙarfe takwas da minti ashirin, tubalin yana kan cinyarta, ba ta miƙa wa kowa ba tukuna.